Zobba Huɗu a Bayan Akori-kura

Kabiru, Hadiza, na san maganar da ake yi a kaina, kuma na san ba a waje kaɗai ake yin ta ba. An ce tsufa ya taɓa ni, baƙo ya zo daga Kano ya yi mini daɗin baki, na ɗauki motar da ta ciyar da ku na miƙa masa ko sisi ban karɓa ba. Rabin maganar gaskiya ne, ban karɓi komai ba. Sauran rabin shi ne na zauna zan rubuta, tunda duk ranar da na buɗe baki a gabanku sai ɗaya ya hau duba waya, ɗaya ta ce Baba don Allah a bar maganar nan. Ku yi haƙuri da rubutun, idona ya yi yana, hannuna kuma ya fi sanin sitiyari da alƙalami.

Kun taso kun ga akori-kurar nan a ƙofar gidanmu na Limawa a nan Dutse, amma ba ku san ta da ƙuruciyarta ba. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce, mutum biyu a gaba, buɗaɗɗen baya, giyarta a jikin sitiyari. Da ita na yi jigilar riɗi da gyaɗa daga ƙauyukan Buji, na kai dabino kasuwar Shuwarin, na kwashi kayan jeren amare da ban san adadinsu ba. A lokacin, in na shigo layi sai mata su leƙo, wannan ta ce Malam Haladu gobe akwai niƙa, waccan ta ce jibi akwai biki. Mutum ne ni mai jama'a, ko da yake ku ba ku riski wannan ba.

Da gari ya buɗe, makabartar da muke binnewa ta cika, aka yanka wata can bayan gari, tafiyar da dattijo ba zai yi da makara a kafaɗa ba. Wata ranar damina na dawo daga kasuwa na tarar mahaifiyar abokina Malam Idi tela ta rasu, an yi mata sutura, an yi salla, mutane sun yi cirko-cirko suna duban hadari. Malam Idi ya matso kusa da ni, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Malam Haladu, ko za ka taimaka mana da motarka?"

Na share ɓawon gyaɗa, aka ɗora makara. A gangaren da ke bayan duwatsu makarar ta zame, sai da Malam Idi ya tare ta da ƙirjinsa har muka isa. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na je wurin mai walda na sa ya kafa mini zobban ƙarfe huɗu a cikin bodi, biyu dama biyu hagu, inda za a riƙa zura igiya a ɗaure. Ni a ganina ɗan gyara na yi. Kafin damina ta fita, duk wanda aka yi wa rasuwa a Limawa ƙofata yake bugawa, Malam Idi kuma ya zama shi ne mai zama a baya yana riƙe da igiya. Ban taɓa karɓar ko kuɗin mai ba, kuma ba na faɗi don ku yaba mini ba ne.

'Yan hatsi ba su damu ba, buhu bai san abin da aka ɗauka jiya ba, saboda haka abinci bai yanke mana ba. Amma kayan amare suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zumunci. Wata rana na tsaya ƙofar gidan wani aminina don mu gaisa kawai, matarsa ta hango motar ta zaure, ta ɗora hannu a ka ta fasa salati, ta ɗauka mijinta ne ya faɗi a kasuwa. Da yamma ya zo har gida yana murza hula.

"Malam, don girman Allah, in za ka zo, ka riƙa zuwa da ƙafa."

Na je da ƙafa sau biyu, daga nan na daina. A majalisa in na yi sallama sai wani ya ce yau kuma wa ka zo ɗauka, a yi dariya, ni ma in yi, in koma gida abinci ya ƙi shiga. Kai ma Kabiru, kana makaranta ka taɓa roƙona in riƙa sauke ka a kwana, kada 'yan ajinku su gani. Ban riƙe ka da wannan ba, na dai tuna ne. Kuma in faɗi laifina da bakina: na zama mai gaggawa. In dangi suka ce a jira ɗan mamaci yana hanya, ni ne mai cewa liman rana tana yi, ba a ajiye gawa don mai zuwa. Sai in tayar da inji in bar shi yana ruri, kowa ya san abin da nake nufi. Mutane da yawa sun iso sun tarar an rufe iyayensu saboda rurin injin nan.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙyamar motar ba, Ummanku. Duk ranar da na dawo daga makabarta za ta fito da bokiti da tsintsiya, mu wanke bayan tare, ta sa ɗan turaren wuta a kasko ta ajiye a ciki. In za mu Buji gaida mahaifiyarta sai ta yi kwalliya ta shige gaba ta harɗe kamar matar gwamna. Muna hango rimin bakin gari sai ta taɓa mini hannu.

"Tsaya nan, Malam, mu ƙarasa a ƙasa, kada Inna ta hango mu ta faɗi."

Mu ajiye motar a gindin rimi mu taka, tana yi mini tsiya wai ta auri mutumin da ko surukarsa tsoron ziyararsa take. Na taɓa ce mata ko in yanke zobban nan ne mu huta, in koma ɗaukar amare. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ka yanke, sannan wa zai kai su? Ni dai a motarka zan tafi, kai ma a cikinta za ka biyo ni. Kada ka sake a sa mu a ta haya."

Ta rasu da hantsi, ranar wata Laraba. Ni na tuƙa ta, Malam Idi yana baya. Kanta yana wajen zoben hagu na gaba, daidai bayan kujerata, ina jin duk ramin da na faɗa kamar a jikina. Da muka dawo na ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, na cire batir, ban sake taɓa makullin ba. Ƙungiyar unguwa ta sayi farar bas tana kai gawa. Tawa kuma tayoyi suka sace, aka ɗora ta a kan duwatsu, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, kaji suka mai da kujerar Ummanku akurki. Shekara huɗu tana nan. Kai kana Takur da iyalinka, ke kina Haɗeja, gidan ya rage daga ni sai rediyo. Da la'asar nakan fito da tabarma in jingina da tayar baya, wani lokaci Malam Idi ya zo mu zauna, ba mu ma cika magana ba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne kullum ina duban motar ina lissafin cewa ta riga ni mutuwa, kuma maganar Ummanku ta biyu ba za ta cika ba.

Ana haka baƙon ya zo. Ɗaurin aure ya kawo shi layinmu, ya hango ta, ya bar abokan tafiyarsa ya tako. Mutum ne da bai wuce sa'anka ba, Kabiru, ya ce sunansa Injiniya Bashir. Bayan mun gaisa ya nemi izini, kafin in ankara ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa ya shige ƙarƙashin mota. Ya fito da kashin kaji a kafaɗa yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Baba, injinta na asali ne. Lambar da ke jikinsa ita ce a jikin ƙashin motar. Ba a taɓa yanka bodinta ba, agogon gabanta ma nata ne. Ka san shekara nawa ina neman irinta?"

Na ce ni na ga mai tara tattabaru, na ga mai tara littattafai, amma ban taɓa ganin mai tara gajiyayyun motoci ba. Ya yi dariya ya zauna a tabarmata. Ya ce su da yawa ne, suna bin gari-gari suna neman tsofaffin motocin ɗaukar kaya, su kwance su ƙusa-ƙusa, su mai da su yadda suka fito daga kamfani, su ajiye a rumfa suna fita da su jefi-jefi. Ya ce motocin yanzu duk fuskarsu ɗaya, in sun lalace sai an kawo na'ura ta faɗi ciwonsu, amma wannan mutum da sifana ɗaya zai tashe ta a gindin bishiya. Ya ce irinta ce ta kai kakanninsu kasuwa, kuma in ba a tsince su yanzu ba 'yan gwangwan za su farfasa su a auna a kilo. Na daɗe ban ji wani ya yi maganar motata da sha'awa ba, har sai da na ji kunyar daɗin da na ji.

Kai ka karɓi maganar ciniki, Kabiru, kuma na san abin da ya taya ba kaɗan ba ne. Ranar da zai dawo ka riga shi zuwa, ka tsuguna a gabana.

"Baba, don Allah kada ka gaya masa aikin da ta yi. In ya ji motar gawa ce zai fasa. Ka ce hatsi kawai ta ɗauka."

Injiniya ya zo ya hau baya yana ƙwanƙwasa ƙarfe, har hannunsa ya kai kan zobe.

"Waɗannan ba na kamfani ba ne. Za mu yanke su mu goge wurin, ba wanda zai san an taɓa yi. Na ɗaure buhu ne, Baba?"

"Na ɗaure makara ne," na ce. "Shekara ashirin da wani abu ita ke kai mutanen unguwar nan makabarta. Ta ƙarshe da ta ɗauka matata ce."

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Na ga ka juya baya. Can sai ya mai da hannun a hankali ya kama zoben, ya yi wa mamatan addu'a. Nan na gaya masa abin da na kwana biyu ina juyawa. Na ce ba zan sayar ba, domin in na sayar ta zama tasa, ba ni da bakin cewa a bar wannan a cire wancan. Zan ba shi kyauta, ya gyara, ya ajiye, ya yi alfahari da ita a cikin abokansa. Sharaɗina biyu ne: zobba huɗun nan su zauna inda suke, kuma ranar da na cika a kawo ta ta kai ni.

"Baba, masu irin harkarmu za su ce na bar mata aibi. Amma na ɗauka, Allah ya ba ni ikon cikawa."

To ku duba da kyau. In ta zauna a gindin darbejiya, ruɓewa za ta yi, ni ba ƙarfi ba, kayan gyaranta kuma ba a Dutse ba. In na sayar, an yanke zobba an kai ta inda ba zan sake jin labarinta ba. Hanya ɗaya ce ta rage da motar za ta tashi kuma ta dawo gare ni, ita na bi. Kai ba ka tsaya ka ji wannan ba. Ka ce Baba ka san abin da ka yi kuwa, ka shiga motarka ka tafi, wata biyar ban ga ƙeyarka ba sai aike. Da janwe ta zo ta ɗauke ta, wurin ya zama fili, ga duwatsu huɗu ga tabon baƙin mai. Na ci gaba da fitowa da tabarma, sai dai babu abin jingina. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, ko a makon da Ummanku ta rasu, don a lokacin akwai masu shigowa.

Injiniya yakan kira ni. Ya ce sun kankare ƙasan ƙofa sun gano fentinta na farko, shuɗi mai haske, ni kaina na manta ta taɓa zama haka. Wata rana ya aiko mini da ɗan ƙulli, ya ce a ƙarƙashin kujera suka tsinta. Ɗan kunnen Ummanku ne, wanda ya ɓace a hanyar Buji ta ce ke kika ɗauka kika kai makaranta. Hadiza, an wanke ki, ko da yake wadda za ta ba ki haƙuri ba ta nan. Yana cikin akwatina, naki ne.

Bayan an gama gyara da 'yan makonni, Malam Idi ya rasu da safe. Na kira Injiniya, na ce wannan ba ya cikin sharaɗi, amma mutumin da ya riƙe igiya shekara ashirin ne. Ya ce ga shi nan tafe da kansa. Aka yi wanka, aka yi sutura, jama'a suka taru, kai ma ka zo. Na matsa wurin liman, ɗan tsohon limaminmu ne, a gabana aka yi masa aski. Na ce ya ɗan dakata, mota tana hanya daga Kano. Ya dubi rana, ya dube ni, ya sassauta murya.

"Baba Haladu, rana tana yi. Kai ka koya mana ba a ajiye gawa don mai zuwa."

Aka sa Malam Idi a farar bas, na shiga baya na dafa makararsa. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa zama a baya ba sai ranar, ashe haka ramukan hanyar suke.

Sai bayan la'asar ta iso. Na ji ta tun kafin in gan ta, domin rurin injin bai canza ba. Ta shigo layi tana walƙiya, shuɗiya, fitilunta kamar idon amarya, sababbin katakai a gefe. Injiniya ya fito gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, ka gafarce ni. Ba ta wuce gudun da aka yi ta da shi, kuma sau biyu na tsaya ta sha iska, a Wudil da kuma gaba."

Samari suka kewaye ta suna ɗaukar hoto, wani har yana tambaya ko ana ba da hayarta ranar biki. Mata suka leƙo suna cewa kai, wannan mota da kyau take. Babu wadda ta yi salati. Masu gudunta duk ta kai su, waɗanda suka rage ba su san ta ba. Na ɗauka ranar da aka daina tsoronta zan ji sanyi, sai na ji kamar ni ne baƙo a Limawa. Na leƙa baya. Zobban suna nan, an goge tsatsarsu an shafa musu mai, ba a ko yi musu fenti ba.

Injiniya ya miƙo mini makulli, na ce idona ba zai iya ba, ya kai ni makabarta kawai. Na ce a baya zan zauna. Kai ka kama ni ka hau da ni, Kabiru, na ji ƙarfin hannunka, amma ba ka hau ba. Muka je na yi wa Malam Idi addu'a, na ce masa ga ta ta zo, ta makara. Na tsaya wajen Ummanku ma. Da muka dawo kana nan a ƙofar gida, kuma a gabanka Injiniya ya yi magana.

"Baba, yau na ga abin da zai faru. Daga Kano ba za ta riski jana'iza ba. In akwai wanda zai ajiye ta a inuwa a nan Dutse, ya riƙa tayar da ita duk mako, zan bar ta a hannunsa har ranar da Allah ya yi. Bayan nan in ɗauki abata."

Ni ba ni da rumfa, ba ni da ido, a wurina wata shida ya isa kaji su dawo. Na dube ka. Gidanka na Takur yana da rumfar mota biyu, ɗaya ce a ciki. Ka dubi ƙasa. Na san abin da kake tunani, maƙwabta da abokan ofis da mai ɗakinka, da wanda zai tuna ya ce ai motar gawa ce. Ban matsa maka ba, domin na taɓa sauke ka a kwana, na san nauyin abin. Injiniya ya jira, ya jira, sannan ya ce maganarsa tana nan duk ranar da aka shirya. Ya tayar da ita ya tafi, na tsaya ina saurare har rurin ya ɓace.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba a yaudare ni ba, kuma hankalina ɗaya. Lambar Injiniya tana bayan takardar nan. Ba zan roƙe ka da baki ba, Kabiru, kuma in ba ka kira ba na yafe tun yanzu, duniya da lahira. Sai dai ga wasiyyata, ke ma Hadiza ki zama shaida. In na cika motar tana Kano, ku sanar da Injiniya, amma kada ku ce wa liman ya dakata. Na hana 'ya'yan mutane da yawa wannan jiran, ba zan nema wa kaina ba. Ku sa ni a farar bas, Ummanku za ta yi mini tsiya in mun haɗu, na saba.

In ta iso bayan an rufe ni, kada a bar ta ta juya daga ƙofar gida. Ka hau baya, ka ce ya kai ka inda nake. Ka kama zoben hagu na gaba, ka riƙe da kyau a gangaren bayan duwatsu. Nan kan mahaifiyarka ya kwanta.